Rayar da Ƙasa a Bakin Iyakar Noma: Tenhiya da Damargu

Damargu ita ce shimfiɗar ƙasar da ke tsakanin Damagaram da Abzin, a arewacin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma a tsarin mulki na yanzu ta haɗa gundumar Tanut da gundumar Belbeji, wadda aka ɓalle daga jikin Tanut a shekarar 2011. Garin Tanut yana bakin hanyar Agadas, kimanin kilomita 150 arewa da birnin Damagaram, ƙaramar hukumar Tenhiya kuwa tana can arewa da shi, inda gonakin hatsi ke raguwa har su ɓace, dajin kiwo ya karɓi fili. Ruwan damina a wannan yanki ba kasafai yake wuce milimita 300 a shekara ba, wasu shekarun ma ba ya kaiwa 200, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba. Duk wata magana a kan rayar da ƙasar noma a nan, wato sarrafa ta yadda za ta ciyar da mai ita bana ba tare da an cinye rabon baɗi ba, dole ta fara daga wannan ƙaranci, domin dabarar da ke biyan manomi a Magariya ko a Kano tana iya jefa na Tenhiya cikin asara.

Duk da haka Damargu ta daɗe da yin suna a matsayin rumbun hatsi. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratso ta a watan Janairun 1851 tare da ayarin gishiri na Abzinawan Kel Ewey, ya tarar da ƙasa wadda mutanen Abzin suka dogara da geronta, kuma masanin tarihi Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna yadda manyan Abzinawa suke da ƙauyukan noma a Damargu, inda Hausawa da Buzaye da mutanen Dagira, waɗanda reshe ne na Barebari, suke noma hatsin da ake ɗora wa raƙuma zuwa arewa. Wannan noma ya ɗore ne saboda fili yana da yalwa, gonar da ta gaji ana barin ta saura har ciyawa da ƙananan itatuwa su mayar mata da ƙarfinta. Ya ɗore kuma saboda garken raƙuma da shanu da tumaki suna sauka kan gonaki bayan kaka suna barin kashinsu. Sannan idan fari ya yi tsanani mutane kan gangara kudu da iyalansu da dabbobinsu, ƙasa ta huta, su dawo bayan ruwa ya gyaru.

Hukumar Nijar ta gane tun farkon samun mulkin kai cewa noma yana da iyaka ta wajen arewa. A watan Mayun 1961 ta kafa doka mai lamba 61-05, wadda ta ja layi daga yamma zuwa gabas, daidai da wuraren da ake samun ruwan kimanin milimita 350 a wancan zamani, ta ce abin da ke arewa da layin na kiwo ne, ba a buɗe sababbin gonakin damina a cikinsa, sai ɗan abin da makiyayi zai shuka don bakinsa, kuma idan dabba ta yi ɓarna a irin wannan gona babu diyya. Layin ya ratsa ta Damargu, mafi yawan ƙasar Tenhiya kuma ta faɗo a ɓangaren kiwo. Sai dai farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe garken mutane da yawa, makiyayan da suka rasa dabba suka koma ga hauya, manoman kudu da gonakin gado suka yi musu kaɗan suka yi ta hawowa arewa, alhali ruwan kansa ya ja baya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 400 a gundumar Tanut kaɗai, a ƙasar da a lokacin jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekara. Barin gona saura na tsawon shekaru ya zama abin da ƙalilan ne ke iyawa, don haka aikin da hutu yake yi wa ƙasa a da ya koma wuyan manomi.

Manoman Hausa suna rarrabe ƙasa da sunaye tun kafin zuwan masu gwaje-gwaje, kuma rabe-rabensu yana da amfani ƙwarai. Jigawa ita ce ƙasa mai yashi da laushi, wadda ke shanye ruwa nan take, tana da sauƙin noma da hauyar tsaye, kuma ita ce gidan gero. Geza ta fi ta tauri da ɗan yumɓu, tana ba da amfani mai yawa idan ruwa ya wadata, amma ita ce ke fara kunyata mai ita a shekarar ƙamfa. Laka tana cikin kwaruruka da wuraren da ruwa ke kwanciya, irin waɗanda ake samu a kwarin Tarka ta wajen Belbeji, kuma a nan ake shuka dawa. Fako kuwa shi ne fili mai ƙeƙashe wanda samansa ya daskare ya yi ɓawo, ruwa ya zuba a kansa ya gangare, ko ƙarangiya ba ta tsira. Abin lura shi ne fako da yawa ba haka Allah ya halicce su ba, gonaki ne da makiyaya da aka tsiraita, iska ta kwashe lallausan samansu, ɗigon ruwan sama ya daddaɓe abin da ya rage.

Ƙarfin jigawa kusan dukansa yana cikin ɗan saman nan da bai wuce taƙi ɗaya ba. A nan ne ake samun ruɓi, wato ragowar ganye da saiwa da kashin dabba da suka narke suka zama ɓangaren ƙasa, kuma a ƙasashen yashi na Nijar wannan ruɓi sau da yawa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasar ba. Ƙanƙantarsa ba ta rage masa daraja ba, domin yashi zalla ba ya riƙe ruwa kuma ba ya riƙe abincin shuka, ruɓin ne tare da ɗan yumɓun da ke akwai suke yin wannan aiki, kuma shi ne abincin ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda ke warware taki ya zama abin da saiwa za ta iya zuƙa. Daga cikin sinadaran da shuka ke buƙata, binciken da cibiyar ICRISAT ta yi shekaru da dama a Sadore, kudu da Yamai, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ya tabbatar cewa fosfaras, sinadarin da ke gina saiwa da zangarniya, shi ne ya fi ƙaranci a ƙasar yashi, sannan naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, ya biyo baya. Geron da bai sami fosfaras ba saiwarsa ba ta nisa, saiwar da ba ta yi nisa ba kuwa ba ta cimma damshin da ke ƙasa, shi ya sa abin da ake ɗora wa fari a wasu gonaki rabinsa yunwar ƙasa ce.

Babbar mai ɗebe wannan sama ita ce iska, kuma tana da lokaci biyu. Iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas wata da watanni a kan gonakin da aka share, ko da yake ita tana zuwa da ɗan alheri, tunda ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana ɗauke da sinadarai da ke sauka a kan gonaki. Wadda ta fi ɓarna ita ce iskar da ke gaban hadari a ƙarshen bazara da farkon damina, wadda ba ta daɗewa amma takan zo da ƙarfin gaske. Ƙwayoyin yashi suna tashi su yi tsalle kusa da ƙasa, kowace ta faɗo ta tayar da wasu, lallausar ƙura mai ɗauke da ruɓi ta yi sama ta tafi, yashi mai nauyi ya tsaya. A daidai wannan lokaci ne geron da aka yi binne, wato aka shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, yake fitowa da ganye biyu ko uku. Wanda ya shiga irin wannan gona washegarin iska zai ga ganyen ya yi fari-fari ya tsattsage saboda bugun yashi, wasu gurabun sun nutse ƙarƙashin rairayi, wasu kuma iska ta tone gindinsu saiwa tana waje. Manomi ya koma ya sake shuka, wani lokaci har sau uku, irin da ke rumbu ya ƙare, damina mai gajeren zango kuma ba ta jiran kowa.

Maganin wannan ɓarna da ya fi kowane sauƙin fahimta shi ne rufe ƙasa, kuma abin rufin da ke hannun manomi shi ne kara. Gwaje-gwajen da aka yi a Sadore a shekarun 1990 sun nuna cewa shimfiɗa karan gero tan 1.5 zuwa 2 a hekta yana rage yashin da iska ke kwasa da kusan rabi ko fiye. Amfanin bai tsaya nan ba. Karan da ke kwance yana tare ƙurar da ta taso daga wani wuri, yana rage zafin da rana ke dafa saman ƙasa da shi, kuma yana kiran gara. Gara, wadda ake ƙi a ɗaki da rumbu, a kan fako ma'aikaciya ce, domin tana huda ɓawon ƙasa da ƙananan hanyoyi don ta kai ga karan, tana fito da yumɓu daga ƙasa ta lulluɓe shi, kuma idan ruwa ya sauka ta waɗannan hanyoyi yake shiga. Manoman da suka san haka sukan jibge kara da ƙirare da rassan tumfafiya a kan tabon da ya ƙeƙashe a tsakiyar gona, bayan damina ɗaya ko biyu a ga yashi ya taru a wurin, ciyawa ta tsiro, har a iya sara a shuka.

Wahalar ita ce kara a Damargu dukiya ce mai masu nema da yawa. Da shi ake danga da rumfa da rufin ɗaki, da shi mata ke hura wuta inda itace ya yi wuya, shi ne abincin dabba a bazara, kuma tun da kiwon turke ya bunƙasa a garuruwa ya zama haja da ake ɗaurewa a kai kasuwa a amalanke. Gona da yawa a shekarar ƙarancin ruwa ba ta ma samar da tan biyun da bincike ya ambata ba, kuma mutumin da awakinsa ke kuka a watan Mayu ba za a ce masa ya bar kara ga gara ba. Shawarar da ta dace da gaskiyar wurin ita ce a raba: a sare karan a bar gindinsa a tsaye kamar kamu ɗaya maimakon a tumɓuke shi, a kwashe ganye da saman da dabba ke ci, a bar kaurin da ba ta ci a gona, a tara shi a wuraren da iska ta fi ci da gefen gabas inda hadari ke fitowa, sannan a daina toyi, wato tara shara a cinna mata wuta lokacin sassabe, domin wuta tana mayar da naitirojin hayaƙi, tokar da ta bari kuma iska ce ke gadonta.

Abu na biyu shi ne taki, kuma a nan ne Damargu ta fi ƙasashen kudu gata, tunda tana maƙwabtaka da ɗaya daga cikin manyan wuraren kiwo na Nijar. Tsohuwar al'ada ita ce bayan an ɗaure dammuna, Bafulatani ko Buzu ya sauka da garkensa a gonar manomi, dabbobi su ci kara su kwana a wurin, ana matsar da makwancinsu bayan 'yan kwanaki don takin ya bazu, manomi kuma ya ba da hatsi ko ya buɗe masa rijiya. Ta fuskar ilmin ƙasa wannan ciniki yana da hikima mai zurfi, domin dabbar da ta yini a daji ta kwana a gona tana ɗauko sinadaran fili mai faɗi ta tara su a ƙaramin wuri, kuma fitsarinta, wanda ke ɗauke da kaso mai yawa na naitirojin, yana shiga ƙasa kai tsaye, alhali takin da aka kwaso daga gida ya riga ya rasa shi. Gonar da garke ya kwana a kanta tana nuna alamar haka shekara biyu zuwa uku. Wannan al'ada ta yi rauni a wurare da yawa saboda manomi ya fara kwashe karansa, shi ma ya zama mai dabba, an nome burtali, kuma rigimar ɓarna ta sa zukata sun yi nisa. Raunin nata asara ce ga ƙasa kafin ta zama asara ga zumunci, kuma babu wani buhun takin zamani da zai mayar da ruɓin da garke ke bari.

Inda ruwa ya yi ƙaranci irin na Tenhiya, taki yana buƙatar hankali. Ɗanyen taki da aka zuba da yawa yana sa gero ya tashi da sauri ya yi ganye mai yawa, idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku sai wannan geron ya riga na maƙwabta bushewa, abin da manoma ke cewa taki ya ƙone shuka. Saboda haka ruɓaɓɓen taki ya fi, wanda aka tara a rami tare da shara da toka da ragowar harawa har ya yi baƙi ya daina zafi, kuma zuba shi kaɗan a gurbin shuka ya fi watsa shi ko'ina. Haka ma takin zamani. Dabarar da ICRISAT da abokan aikinta suka yaɗa ita ce a sa kimanin giram 6 na NPK, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku za su tsinka, a gurbi ɗaya lokacin shuka ko jim kaɗan bayan tsiro, kuma sun ba da rahoton ƙaruwar amfanin gero da dawa da kashi 44 zuwa 120 cikin 100 a Nijar da Mali da Burkina Faso. Waɗannan alƙaluma sun fito ne galibi daga wuraren da suka fi Damargu ruwa, don haka bai kamata a ɗauke su alkawari ba. Abin da ba ya canzawa shi ne fosfaras ɗin da hatsi ya fitar daga gona aka kai kasuwa ba ya dawowa da kansa, kuma rayar da ƙasa ta hanyar da ta dace da muhalli ba ta haramta ɗan takin zamani, tana dai neman a ɗora shi a kan ruɓi, kada ya zama madadinsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wake yana da nasa rabo, tunda ƙulle-ƙullen da ke saiwarsa suna ɗauke da ƙwayoyin halitta masu kamo naitirojin daga iska, yaɗonsa yana rufe ƙasa tsakanin layukan gero, harawarsa kuma tana rage wa kara nauyin ciyar da dabba. Irin gero ma yana da muhimmanci, kuma Ankutes, geron da aka san ƙasar Tanut da shi, mai gajeriyar zangarniya mai kauri, ya daɗe da sabawa da wannan ruwa da wannan ƙasa.

Itace shi ne abu na uku, kuma a kansa Nijar ta yi abin da duniya ta zo koyo. Daga 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin ƙungiyar SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara yaɗa abin da aka sani da sassabin zamani. Ma'anarsa ita ce lokacin share gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa gyara su kowace shekara har su zama itace. Da yake saiwar tana nan da ranta tun da daɗewa, tohon yana girma da saurin da dashe ba ya yi, kuma ba ya buƙatar ban ruwa. Nazarin da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka yi da hotunan sama ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma wani babban ɓangare na wannan yana cikin jihar Damagaram, a Magariya da Matamai da Mirya, inda gawo ya cika gonaki. Gawo yana zubar da ganyensa da damina ya yi sabo da rani, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da ke hutawa ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna ƙara wani takin.

Kuskure ne a ɗauka cewa hoton Matamai za a iya maimaita shi a Tenhiya yadda yake. Gawo yana son ruwan ƙasa da saiwarsa za ta iya kaiwa, don haka a arewa sai a kwari yake yin kyau. Kututturen da sassabin zamani ya dogara da su sun yi ƙaranci a gonakin da fari da gatari suka daɗe da cinyewa. Awaki da raƙuma kuma suna yawo da rani ba mai tsare su. Itatuwan da suka dace da wurin su ne aduwa da kandili da ɗakwara da magarya da jiga da anza. A kan haka ne aikin ƙungiyar Eden, wadda ta kafa tashar gwaji a Dalli kusa da Tanut tun ƙarshen shekarun 1980, yake da muhimmanci, domin ta zaɓi hanyar shuka ƙwayar itace kai tsaye a gona ba tare da reno a leda ko ban ruwa ba, kuma ta fi karkata ga itatuwan da ake ci. Tsiron da ya fito daga ƙwaya a inda zai zauna yana fara tura doguwar saiwa ƙasa kafin ya yi tsawo, wanda aka rena a leda kuwa sau da yawa saiwarsa ta riga ta naɗe. Anza, wadda a da ake ganin 'ya'yanta abincin yunwa ne da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita, ta zama haja tun da kamfanin Sahara Sahel Foods na Damagaram ya fara sayenta daga hannun matan karkara yana sarrafawa. Itacen da ke kawo kuɗi ba ya buƙatar mai wa'azin a bar shi, kuma kowane kurmin anza ko magarya a gona tarko ne na ƙura da ganye, gindinsa ya fi kewayensa tudu da baƙin ƙasa.

Mallaka ita ce ta daɗe tana hana ruwa gudu. Muddin manomi yana ganin itacen da ke gonarsa na gandun daji ne, wanda za a ci shi tara idan ya sare reshe, to gwamma ya kashe shi tun yana ƙarami. Dokar da gwamnatin Nijar ta fitar a watan Yulin 2020 kan farfaɗo da itatuwa a gona ta amince cewa wanda ya reni itace yana da hakkin amfana da shi. Saura wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, da matan da ake ba su ɗan gefe, waɗanda ba su da tabbacin cewa gonar da suka gyara za ta kwana a hannunsu.

Fako yana buƙatar a fasa shi kafin a yi maganar komai. Ruwan milimita 250 a kan hekta ɗaya lita miliyan 2.5 ne, kuma a kan fako mafi yawansa gangarewa yake yi. Tassa, wadda manoman Illela ta jihar Tawa suka inganta bayan wasu daga cikinsu sun ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989, rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin kamar 15, ana tara ƙasar da aka tono a gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu tun da rani, gara ta shiga ta huda, ruwa ya taru a shuka a ciki. Hekta ɗaya tana cin ramuka kimanin dubu 10, aiki ne na ɗaruruwan awoyi a lokacin da majiya ƙarfi suka tafi ci-rani. Rabin wata kuwa babban rami ne mai siffar sunansa, faɗinsa kamar mita 4, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ana jera kimanin 300 a hekta a saɓa layi da layi don abin da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa na ƙasa. Damargu tana da nata tarihi a wannan fanni, domin a cikin shirin farfaɗo da Damargu da ƙasar Italiya ta ɗauki nauyi ne aka fara gwada garmar da Venanzio Vallerani ya ƙirƙiro a 1988, wadda tarakta ke ja tana nutsewa tana tasowa tana barin jerin ramuka masu siffar rabin wata, har ta gyara fiye da hekta 10 a yini. Daga baya an kai wannan garma wasu ƙasashen Sahel da ma wajen Afirka. Duk waɗannan dabaru na ƙasa mai tauri ne. A jigawa ba su da amfani, tunda yashi yana shanye ruwa da kansa, kuma iska za ta cike ramin kafin damina.

Yawancin ƙasar Tenhiya, kamar yadda aka faɗa, ta kiwo ce, kuma adalci ga wannan ƙasa shi ne a yarda cewa mafi kyawun hanyar kula da wani fili ita ce a bar shi da ciyawarsa. Tudun yashin da ƙarangiya da sauran ciyayin damina suka lulluɓe yana zaune lafiya, yana ciyar da dabba, yana zubar da irinsa don baɗi. Idan aka nome shi yakan ba da hatsi shekara biyu ko uku, a shekarun da ruwa ya yi kyau, daga nan ya fara tafiya, ya binne gonar da ke kusa ko ya cike tafki. Abubuwan da ke tsiraita dajin kiwo su ne gobarar daji bayan damina mai albarka, wadda ake tarewa da share dogayen hanyoyin tare wuta. Sai cunkoson dabbobi a kewayen rijiya ko famfo ɗaya shekara duka. Sai kuma kwasar busasshiyar ciyawa da manjagara don sayarwa a gari, wadda ke tafiya da irin ciyawar da rufin ƙasar gaba ɗaya. Yawon makiyaya, wanda wasu ke ɗauka rashin tsari ne, shi ne hutun da dajin ke samu.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda daga baya suka bazu tun daga ƙauye har gunduma, inda sarakuna da ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da na makiyaya da na mata ke zama tare, dokar kiwo ta watan Mayun 2010 kuma ta sake tabbatar da iyakar 1961, ta amince da yawon kiwo a matsayin hakki, ta sa ƙa'ida ga kwasar ciyawa. Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030, kuma ana haƙa rabin wata da yawa a ƙarƙashin shirye-shiryen ba da abinci ko kuɗi a madadin aiki. Haƙan shi ne ɓangare mai sauƙi. Filin da aka gyara yana buƙatar a watsa masa irin ciyawa da na itace, a tsare shi damina biyu ko uku kafin a saki dabba, kuma a san tun kafin a sa diga a ƙasa ko na kiwo ne ko na noma, wane ne zai yanki ciyawar, kuma makiyayin da ke zuwa daga nesa sau ɗaya a shekara yana da rabo ko babu. Inda aka tsallake wannan zama, ramukan sukan cike cikin 'yan shekaru, ko kuma wani mai ƙarfi ya kewaye wurin ya mayar da makiyayar jama'a gonarsa. A Tenhiya da Tarka, ranar da za a buɗe gonaki ga dabbobi bayan kaka, faɗin burtalin da ke bi ta tsakiyar gonaki, da yawan karan da za a bari a ƙasa, duk abubuwa ne da ya kamata a yanke su a wannan kwamiti tun kafin hatsi ya nuna, a gaban waɗanda za su bi hukuncin.